Tuƙin tifa a ramin Fort McMurray: da ƙungiyar ƙwadago da babu ita

Ɗalibin da ya zo karatu Kanada yana da izinin yin aiki cikakken lokaci idan an tafi dogon hutu, daga Mayu zuwa ƙarshen Agusta. Yawancin abokaina a Edmonton shaguna da gidajen abinci suke nufa. Ni kuwa kuɗin makaranta ne ya kora ni arewa, na bi babbar hanya mai lamba 63 zuwa Fort McMurray, tafiyar wajen awa biyar, inda ake haƙar yashin da ke cakuɗe da ɗanyen mai mai kaurin kwalta. Tun 1967 ake wannan haƙa a bakin kogin Athabasca. Sai an kwashe wajen tan biyu na yashi kafin a tace gangar mai ɗaya, don haka aikin duka ya rataya ne a wuyan direbobin tifa.

Kada ka kawo tifar da ke sauke yashi a unguwa a ranka. Caterpillar 797 tana ɗaukar tan 360 da ɗoriya, tayarta ta kai mita huɗu, kuma da tsani ake hawa wurin zaman direba. Shebur ɗin da ke mata lodi kamfata huɗu yake yi ta cika. Tuƙin kansa ba wuya, giya ma ita ke canza kanta. Wahalar ita ce ba ka gani. Kana zaune a hagu, duk abin da ya matso ta dama ya ɓace maka, ko da a-kori-kura ce cike da mutane. Shi ya sa ake kafa wa ƙananan motoci doguwar sanda mai tuta, kuma ba ka motsi sai ka danna hon: ɗaya kafin ka ta da inji, biyu in za ka yi gaba, uku in baya. Awa 12 ake yi, wani zubin rana wani zubin dare. Da zafi ya shigo yashin sai ya yi laushi, taya ta riƙa nutsewa, hanya ta koma gargada, ƙugu ya ji a jikinsa. Barci kuwa ya fi komai haɗari.

Hutun farko wurin wani ɗan kwangila na yi, babu ƙungiyar ƙwadago, muna kwashe ƙasar sama don a kai ga yashin. Na biyu na samu shiga ramin da direbobinsa ke cikin ƙungiya. Na ɗauka bambancin a albashi zai fito, sai na ga tazarar ba ta taka kara ta karya ba. Wani dattijo mutumin Newfoundland da ke gabashin Kanada, irin waɗanda suka cika garin, ya warware mini. Ya ce, “Yaro, kuɗin da ɗan kwangila ya biya ka bara, mu muka yi cinikinsa. In bai matso kusa da namu ba, ko direbobinsa su gudu ko su kira ƙungiya.”

Inda bambancin yake shi ne bakin juji. Ana tara tudun ƙasa a gefen ramin da ake zubarwa, tsayinsa ya kai rabin taya, don direba mai ja da baya ya ji ya taɓa ya tsaya. Wata safiya bayan ruwan dare, a wurin ɗan kwangila, wani abokin aikinmu Basomale ya ga tudun ya zaizaye, ya ce ta oba-oba ba zai matsa ba. Dokar Alberta, lardin da Fort McMurray take ciki, ta ba kowane ma'aikaci ikon ƙin aikin da ke da haɗari, yana ƙungiya ko ba ya ciki. Foman bai yi musu ba, ya turo katafila aka gyara. Da muka dawo daga hutun mako babu sunan mutumin a jadawali, wai aiki ya ragu. Babu wanda zai iya rantsuwa cewa maganar tudun ce ta jawo, amma daga ranar oba-oba ta yi tsit, kowa idonsa na kan allon da ke ƙirga mintocin sawunsa.

A ɗaya ramin na ga wata mata ta faka tifa cike da lodi don birki bai yi mata ba. Wakilin ƙungiya ya zo, aka rubuta takarda, makanikai suka ja motar, aka ba ta wata. Washegari tana nan, watan gaba ma tana nan. Ko salla ma haka ne. Can sai na duba fuskar foman kafin in nemi minti goma. Nan lokutan hutu a rubuce suke, na san inda zan sa azahar da la'asar. A watan Yuni kuwa rana takan wuce ƙarfe goma na dare ba ta faɗi ba, magariba sai a bas ko a sansanin da ma'aikata ke kwana.

Ƙungiyar ma ba kyauta ba ce. Tun albashin farko aka cire mini kuɗinta ba tare da an nemi ra'ayina ba. Tsarin ya samo asali daga hukuncin alƙali Ivan Rand a 1946, bayan yajin aikin ma'aikatan kamfanin motoci na Ford a birnin Windsor: duk wanda ke cin moriyar yarjejeniya ya biya. Hujjar ta zauna mini, sai dai ɗan hutu yana biya ne a matsayin na ƙarshe a layi. Komai da daɗewa ake rabawa, ƙarin lokaci, zaɓen ranakun hutu, koyon katafila ko greda. Wurin ɗan kwangila, da foman ya ga hannuna ya faɗa sai ya ɗora ni kan katafila in gwada. A ramin ƙungiya ko kusa ban je ba, akwai masu shekaru suna jira. Na kuma ga wakili ya tsaya kai da fata yana kare wani da kowa ya san ragon aiki ne, abin ya ba ni haushi. Duk da haka in aka ce in zaɓa, can zan koma, domin mai ja da baya da tan 360 zuwa bakin rami bai kamata ya riƙa tunanin jadawalin mako mai zuwa ba.

Sai dai ko kujerar za ta jira wani ɗalibin, wannan kuma wata magana ce. A 2018 kamfanin Suncor, ɗaya daga cikin masu haƙar yashin, ya sanar zai zuba tifofi sama da 150 masu tuƙa kansu, abin da zai rage guraben aiki wajen 400. Ƙungiya ba ta iya tsayar da irin wannan. Abin da take iyawa shi ne zama a yi ciniki kan wa za a fara sallama, wa kuma za a koya wa wani aikin, kuma a wannan lissafin ɗan hutu ba ya da ko shekara ɗaya da zai nuna.