Na bar aikin gidan tsofaffi, amma abu ɗaya ya tsaya min a rai

Jiya na miƙa wa Madam, shugabar wajen aikinmu, makulli da rigar aiki, bayan kusan shekara shida ina kula da tsofaffi a wani gida can wajen Ikeja. Na san wasu za su ce gidan tsofaffi kuma? Eh a Legas akwai su, 'ya'yan suna Landan da Amurka suna turo kuɗi, mu kuma muna tasowa daga Agege da asuba mu wanke musu iyaye.

Lokacin hunturu ne na tashi da mura da zazzaɓi, maƙogwaro kamar an zuba barkono. Na kira Madam ta ce babu mai karɓa ta, kuma duk wadda ba ta zo ba a cire mata kuɗin ranar. Na haɗiyi Panadol biyu na hau danfo, bas ɗin haya na Legas. Takunkumi kam na sa, amma da na zo ba Mama, wata tsohuwa da nake kula da ita, koko sai na ja shi ƙasan haɓa, don ba ta ji sosai, da motsin leɓe take gane magana, ga fuskata dab da tata ina lallashi cokali bayan cokali. Bayan kwana uku ta daina cin abinci tana kira na da sunan 'yarta. Mun auna jiki ba zafi, shi ya ruɗe mu, ashe tsoho yana iya kamuwa da ciwon huhu ba zazzaɓi, rikicewa da ƙin ci su ne alamar. Sai da numfashi ya fara sama-sama aka kwashe ta asibiti. Ta dawo bayan sati biyu amma ba ta ƙara taka ƙafarta ba.

A mitin Madam ta nuna ni gaban kowa wai ni na kawo cuta. Ban musa ba, ni ce. Amma wa ya ce in zo? Wannan matar fa a 2020, tun da aka samu mai korona na farko a Legas ranar 27 ga Fabrairu, har mai gadi sai ya wanke hannu a bokitin ƙofa, da abin ya lafa bokitin ya koma na wankin mota.

Ku da za ku shiga aikin, in ba ki da lafiya ki zauna gida ko za a cire kuɗin wata. Safar hannu a canja ta tsakanin tsoho da tsoho. In gudawa ce kar ki dogara da sanitaiza, sabulu da ruwa. Mai ziyara da ke tari ko shi ke biyan kuɗin ɗakin ya tsaya a waje.

Da kwalara ta ɓarke a Yunin 2024 da kuɗina na riƙa sayen Hypo, ruwan bilic mai kashe ƙwayoyin cuta, ina wanke banɗaki da ƙarfen gado, ruwan sha kuma sai na tafasa. Ko mutum ɗaya bai kwanta a ɓangarena ba. Har jiya da na karɓi takardar sallama Madam ba ta taɓa ambaton wannan ba, kuɗin Hypo ma ban gani ba.