Ɗan rawayan malam-buɗe-littafi da ke rayuwa a kan tafasa

Duk wanda ya ratsa bayan garin Tawa a watan Agusta, lokacin da tafasa ta rufe bakin hanya, zai ga wani ƙaramin malam-buɗe-littafi rawaya yana shawagi dab da ƙasa, ba ya yin sama sosai, kuma ba ya gaggawa. Masana suna kiran sa Eurema hecabe, kuma Carl Linnaeus, ɗan ƙasar Suwidin, shi ne ya fara bayanin kamanninsa a rubuce a shekarar 1758. Ana samun sa tun daga Afirka har Indiya da Ostireliya.

Idan ya buɗe fukafukansa, faɗinsa kimanin santimita 4 ne, kuma gefen fukafukan gaba yana da baƙin baki mai ɗan lauje a tsakiya. Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne yadda kamanninsa ke bin yanayi. Wanda aka ƙyanƙyashe da damina, baƙin gefensa ya fi faɗi, cikin fukafukansa kuma kusan fes yake. Na rani kuwa yakan fito da ɗigo-ɗigo masu ruwan ƙasa daga ciki, ta yadda idan ya sauka cikin busasshiyar ciyawa ya rufe fukafukai, sai mai kaifin ido ne zai gane shi. Da yawa sukan ɗauka iri biyu ne, alhali kuwa jinsi ɗaya ne.

Macen takan ajiye ƙwanta ɗaya-ɗaya, farare, siririya, a kan ɗanyen ganye, kuma tafasar nan da iyayenmu mata ke tsinka su yi kwaɗo tana cikin itatuwan da ta fi so. Tsutsar tsanwa ce shar, da farin layi a kowane gefe, har takan saje da jijiyar ganyen da take ci. Idan ta ƙoshi, sai ta ɗaure kanta da zare a jikin reshe, ta daskare cikin kwanso na ƴan kwanaki kafin ta fito da fukafukai.

Mazan kuwa sukan taru tuli a kan laka a bakin tabki, ko inda dabbobi suka yi fitsari, suna zuƙar gishirin da ba su samu cikin zaƙin fure. A ganina wannan ne wurin da ya fi dacewa a kai yara su dube shi da kyau, domin a nan ne yake daɗewa a zaune.