Harajin da Ake Biyan Talaka

Kakana, Allah ya jiƙansa, bai taɓa ambatar haraji da sakin fuska ba. Muna yara a Kano yakan ba mu labarin yadda mai unguwa ke bi gida-gida da 'yan doka a bayansa, da yadda magidanci kan sayar da damin geron da zai ci da iyali don kada a shanya shi a rana a ƙofar dagaci. Ya ce lokacin da Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali a 1979, har kiɗa aka yi a ƙauyensu. Da wannan kunnen na sauka a Bronx, cikin birnin New York, a 2016, na tarar da maigidana wanda ya riga ni zuwa da shekara biyar.

Hunturuna na farko, bayan sallar Juma'a, na ji mata suna ta zancen "kuɗin taks". Wannan ta ce za ta saya wa yara gado, waccan ta ce za ta tura gida a ƙarasa rufin ɗakin mahaifiyarta. Kaina ya ɗaure. Ina aka taɓa jin gwamnati ta biya talaka haraji? Na yi shiru don kada a ce sabuwar zuwa ce, amma a raina na yanke cewa akwai lauje cikin naɗi.

Sai da na fara aikin kula da tsofaffi a gidajensu na soma gane kan abin. Duk sati ana yankar wani abu daga albashina tun kafin ya iso hannuna. Ƙarshen Janairu kamfani ya aiko da wata takarda, W-2, mai nuna abin da na samu a shekara da abin da aka yanka. Daga nan zuwa 15 ga Afrilu kowa zai cike takardar lissafinsa ya aika wa hukumar haraji, wato IRS. In an yanka fiye da ƙima, a mayar maka da ragowar. Wannan kam ba wuyar ganewa. Abin da ya ɗauke ni lokaci shi ne kashi na biyu: akwai kuɗin da doka ta ware wa mai aiki mai ƙaramin ƙarfi, ana ba shi ko da ya zarce abin da aka yanka masa. Sunansa EITC, kuma tun 1975 yake. Sharaɗinsa na farko sai ka yi aiki ka samu da guminka. Yana hawa da abin da ka samu, ya tsaya a wani mataki, sa'an nan ya riƙa sauka yayin da samunka ke ƙaruwa. A lissafin shekarar 2024, mai yara uku ko fiye yana iya samun har dala 7,830, mai biyu 6,960, mai ɗaya 4,213. Ga kuma na yara daban, a lissafin 2024 ɗin dala 2,000 kan kowane yaro da bai kai 17 ba, wanda a ciki ana iya ba ka har 1,700 a hannu. Jihar New York tana ɗora kashi 30 cikin ɗari na EITC ɗin tarayya a kai, birnin ma yana ƙara nasa. Ga gidan da ake lissafin kuɗin haya da yatsu, babu rana a shekara da kuɗi ke shigowa a dunƙule kamar wannan.

Mu dai ta ƙofar da ba ta dace ba muka shiga. Maigida yana kai takardunmu wani shago inda ake tura kuɗi gida ana sayar da tikitin jirgi, da hunturu kuma a kafa tebur a lungu ana cike takardun haraji. Mutumin yana jin yarenmu, yana ce wa maigida "Alhaji", shi ya sa muka saki jiki. Wata shekara ya ce ai yaranmu biyu ne, in aka sa ɗan ƙanen maigida da ke wata jiha za su zama uku, kuɗin zai ƙaru, kuma kowa haka yake yi. Muka yarda. Ba zan ɗora masa laifin duka ba, mun san yaron ba a gidanmu yake kwana ba. Ya cire ladansa mai tsoka daga cikin kuɗin, bai sa hannu a takardar ba, mu muka sa. Bayan shekara guda da 'yan watanni wasiƙa ta zo, ana neman shaidar makaranta ko ta asibiti da ke nuna yaron ya zauna da mu. Ba mu da ita. Aka ce mu mayar da kuɗin, da tara, da kuɗin ruwa a kai. Muka koma shagon, teburin lungu babu shi babu mai shi.

Na tuna daren da maigida ya zauna bakin gado da wasiƙar a hannu, bai ko cire rigar sanyinsa ba, tuwo ya huce a gabansa. Mutum ne da ke tuƙa tasi awa goma sha biyu bai yi ƙorafi ba, amma ranar ya ce mini, "Maman yara, mun ci abin da ba namu ba, ga shi yana cin mu." Wata-wata muka riƙa biya har muka gama.

Wata malamar makarantar 'yata ce ta nuna mana inda ake cikewa kyauta. Shiri ne na ita kanta IRS, sunansa VITA, ya haura shekara hamsin ana yin sa. 'Yan sa-kai ne ke zama a ɗakunan karatu da ofisoshin ƙungiyoyin unguwa, kuma kowannensu sai ya ci jarrabawa duk shekara kafin ya taɓa takardar wani. In ɗaya ya cike, sai wani daban ya sake dubawa. A kakar 2025, gidan da samunsa bai wuce dala 67,000 ba yana iya zuwa. Ranar da muka fara zuwa na lura babu mai jin Hausa ko ɗaya a cikinsu, alhali a layi na ga mutanen Nijar da 'yan zangon Kumasi da Accra suna juya takardu suna kallon juna. Na fara da yi musu tafinta. Bayan shekara biyu na zauna na yi karatun, na ci jarrabawar, aka ba ni kujera da kwamfuta.

IRS da bakinta tana cewa kusan mutum ɗaya cikin biyar da suka cancanci EITC ba sa karɓa. Daga kujerata na ga dalilan namu. Akwai mai tsoron kada a ce ya zame wa gwamnati kaya ranar da zai nemi zama ɗan ƙasa, alhali ƙa'idar da hukumar shige da fice ta fitar a 2022 ba ta lissafa rangwamen haraji a cikin tallafin da ke sa a kira mutum kaya ba. Akwai mai jin kunya. Wani dattijo mai gadi ya ture takardar ya ce, "'Yata, ni ban zo ƙasar nan bara ba." Na ce, "Baba, wanda bai yi aiki ba ko sisi ba a ba shi. Daren da ka kwana a tsaye cikin sanyi shi ya jawo maka wannan." Ya daɗe yana kallona kafin ya jawo kujera. Wani kuma tambayarsa ko bashi ne mai ruwa. Ba bashi ba ne. Bashin yana wurin masu shagunan da ke cewa za su ba ka kuɗinka yau-yau. Doka ta 2015 ta hana IRS sakin kuɗin duk wanda ya nemi EITC kafin tsakiyar Fabrairu, su kuma a wannan jiran suke farautar mai matsuwa.

Inda zuciyata ke karyewa shi ne zancen yaran da aka baro gida. Magidanci zai zauna gabana ya lissafa 'ya'ya biyar a Tawa ko Katsina, shi ke ci da su, shi ke biyan makaranta, ga rasiɗan tura kuɗi cike da aljihu. Dole in gaya masa doka ba ta ƙirga su. Sai yaro ya zauna da kai a cikin Amurka fiye da rabin shekara, kuma yana da lambar Social Security, wato lambar shaida da gwamnatin Amurka ke bayarwa. A idon takarda wannan uban marar ɗa ne, kuma marar ɗa iyakar abin da zai samu a 2024 dala 632. A ganina dokar ba ta yi wa irinsa adalci ba, amma ba zan rubuta masa ƙarya ba, don na san ɗacin wasiƙar nan. Abin da da yawa ba su sani ba kuma, riƙo irin namu yana da gurbi: ɗan wa, ɗan ƙane, jika, har ƙanenka, in dai a gidanka yake zaune kuma shekarunsa ba su wuce ba, ana iya sa shi. Na ga goggo da ta shekara uku tana riƙon 'yar ƙanwarta ba ta taɓa sa ta ba, don a zatonta sai wanda ka haifa.

Azumin 2025 ya faɗo cikin Maris, tsakiyar kakar cike takardu. Wata Asabar da la'asar, muna shirin tashi, wata baiwar Allah 'yar Maraɗi ta shigo da baƙar leda a hammata. Mijinta ya rasu tun a gida, ta zo da yara biyu ƙarshen 2019 ta hanyar ƙuri'ar biza, tana wanke-wanke a kicin ɗin wani gidan abinci. Ba ta taɓa cike takarda ba. An gaya mata samunta bai kai wanda doka ta wajabta wa cikewa ba. Gaskiya aka gaya mata, sai dai rabin gaskiya, don wanda bai cike ba ba a bin sa gida da haƙƙinsa.

Ta kwance ledar. Kowace W-2 tana ciki, a ninke cikin wani tsohon ɗankwali, tare da katunan rigakafin yara da takardar mutuwar mijinta. Ta ce, "Yaya, ban san amfaninsu ba, na dai ga takardar gwamnati ce na adana." Na jera su a tebur shekara-shekara, hannuna yana rawa. Doka ta ba mutum shekara uku ya nemi abin da ya bari. Na 2020 ya riga ya tafi, wa'adinsa ya cika tun 17 ga Mayu 2024. Amma na 2021 yana nan har 15 ga Afrilu, saura sati uku, kuma ita ce shekarar da aka ɗaga kuɗin yara saboda korona: dala 3,600 ga wanda bai kai shida ba, 3,000 ga na sama da shi. Nata ɗaya yana da huɗu a lokacin, ɗaya takwas. Dala 6,600 ke nan, ban da EITC, ban da dala 1,400 ta kowane kai da aka raba a shekarar wadda ba ta taɓa isa gare su ba.

Da na faɗa mata jimillar shekara huɗun sai ta ce in sake faɗa da Hausa. Na ce ai da Hausa na faɗa. Ta rufe fuska da mayafi. Ashe wata biyu ake bin ta kuɗin haya, kuma ta riga ta fara tunanin mayar da babban yaron wurin kakarsa.

Na 2021 ya tsufa da yawa, ba ya shiga ta intanet, sai dai a buga a sa hannu a aika ta gidan waya. Lokacin shan ruwa ya same mu muna bugawa. Abokin aikina, wani Ba'amurke da ya yi ritaya daga koyarwa, ya sake duba kowane layi bai nuna gajiya ba, ni da ita muka raba dabino uku da ruwan gora. Ranar Litinin kafin in tafi wurin tsohuwar da nake kula da ita na raka ta gidan waya, muka biya kuɗin rajista don a ba mu shaidar ranar aikawa. Ta karɓi ɗan rasiɗin, ta ninke shi, ta sa cikin ɗankwalin nan tare da sauran.