Kwalta Da Ƙafar Kare: Yadda Za A Rage Zafin Ƙasa A Kejin Waje

A harabar kamfanoni da ɗakunan ajiyar kaya, har da wasu manyan gidaje, sau da yawa ana kafa kejin karen gadi ne a kan kwaltar da aka riga aka shimfiɗa saboda motoci. Wurin yana da sauƙin shara da wanki, amma daga Maris zuwa Mayu, lokacin da zafin iska a Kano ko Sakkwato ko Maiduguri ke haura digiri 40, wannan daɓe yana iya ƙona dabba.

Baƙar kwalta sabuwa tana shanye kusan kashi 95 cikin ɗari na hasken ranar da ya sauka a kanta. Ko ta tsufa ta koɗe, ba ta mayar da fiye da kashi 10 zuwa 15. Wani bincike da mujallar ƙungiyar likitocin Amurka ta buga a 1970 ya nuna cewa a ranar da zafin iska yake digiri 25 kacal, kwalta na iya kaiwa 52, idan kuma iska ta kai 31 kwaltar na iya kai 62. A digiri 52 minti ɗaya ya isa fata ta fara ƙonewa. Kare kuwa ba ya gumi a jiki kamar mutum, da haki yake fitar da zafi, kuma hancinsa yana kusa da ƙasa, wato iskar da yake shaƙa ita ce wadda kwaltar ta gasa.

Kafin a kashe ko sisi, a fara aunawa. A ɗora bayan hannu a kan kwaltar wajen ƙarfe biyu na rana a ƙirga daƙiƙa bakwai. In hannu bai jure ba, tafin ƙafar kare ma ba zai jure ba. A sake gwadawa bayan magariba, domin kwalta tana riƙe zafi a cikinta tana sakinsa a hankali har dare ya yi nisa. Wannan ne dalilin da ya sa yayyafa ruwa da tsakar rana ba ya magance matsalar. Aikin gaske shi ne a hana rana taɓa kwaltar tun da safe.

Rumfa ita ce kan gaba, kuma a nan ne aka fi yin kuskure. Ana yin rufi daidai faɗin keji, a ga inuwa ta rufe ko'ina da tsakar rana, a ɗauka an gama. Amma inuwa tafiya take yi. Lokacin da inuwar abu ta kai tsawonsa, wato wajen shigar la'asar, inuwar rumfa mai tsayin mita 2.5 ta riga ta matsa gabas da mita 2.5. Kejin da faɗinsa mita 3 ne, kusan dukkansa ya koma cikin rana, a daidai sa'ar da ƙasa ta fi zafi. Maganin shi ne a rataya zana ko ragar inuwa a gefen yamma, daga rufi zuwa ƙasa, a bar tazarar kamar taƙi ɗaya a ƙasa da sama don iska ta ratsa. Gefen gabas ma yana buƙatar tasa, ko da gajeriya ce, saboda ranar hantsi ce ke fara cika kwalta da zafi. A bar kudu da arewa a buɗe. Kejin da aka rufe ta ko'ina da tamfol ya zama tanda.

Game da abin rufin, ragar inuwa irin ta masu rainon tsirrai, mai tare kashi 80 zuwa 90 na haske, ta fi dacewa saboda iska mai zafi tana fita ta ramukanta. Kwano yana tare ruwan sama, sai dai idan ya ɗau zafi yana jefo shi ƙasa a kan bayan kare. Wanda ya riga ya yi rufin kwano ya ɗaga shi ya kai mita 2.5, ya shafa masa farin fenti ta sama, sannan ya ɗaura zana a ƙarƙashinsa da tazarar santimita 10 zuwa 15. A ɗaure ragar sosai da waya a kowane rabin mita, in ba haka ba iskar farkon damina za ta yage ta.

Bayan inuwa sai a raba jikin kare da kwaltar. A yi masa dakalin katako mai tsayin santimita 10 zuwa 15, faɗinsa kamar santimita 120 da 80 ga babban kare. Tazarar da ke tsakanin katakan kada ta wuce santimita 1, don kada yatsa ko farce ya maƙale, a kuma nutsar da kawunan ƙusoshi. Falet ɗin da ake ɗora kaya a kai yana yi idan an cike giɓinsa, amma a guji wanda ya sha mai ko sinadari. Baƙar tabarmar roba da ciyawar roba suna ruɗin ido, a rana kuwa zafinsu yana kamo na kwalta, wani lokaci ya wuce.

Ruwa yana taimakawa, amma a san iyakarsa. Lita ɗaya da ta bushe a kan murabba'in mita ɗaya tana ɗauke zafin da ranar tsaka ke zubawa a wurin cikin kusan minti 45 ne kawai, kuma wannan idan ruwan bai gangare ba. A cikin inuwa ne jiƙawa take daɗewa. A jiƙa da hantsi da kuma bayan la'asar. A kula da tiyon da ya kwanta a rana: ruwan farko da zai fito daga ciki yana iya ƙona fata, sai a bar shi ya zuba a gefe har ya yi sanyi. Kada a bar ruwa ya kwanta, domin tafin ƙafar da ya daɗe a jiƙe yana laushi, ya fi saurin saɓulewa. Idan damina ta kusa kuma iska ta cika da laima, ruwan ba ya bushewa da sauri, hakin karen ma ba ya aiki sosai, don haka a lokacin iska mai kaɗawa ta fi ruwa amfani.

Fenti mai haske kuma yana rage zafi, amma ba kamar yadda ake zato ba. A birnin Phoenix na Amurka, inda aka fara shafa wa tituna irin wannan rufi a 2020, an samu raguwar kusan digiri 6 da rana, sannan hasken da ke dawowa sama ya ƙara wa masu tafiya a kai jin zafi. Daga 62 zuwa 56 har yanzu ƙuna ce. Wanda zai shafa ya nemi fentin ruwa, ya zuba yashi mai laushi a ciki don kada ya yi santsi. Fentin mai, da kananzir da man dizal, suna narkar da kwalta. Farar ƙasa tana da arha, sai dai tana cin fata muddin tana jiƙe, don haka a fitar da kare har ta bushe sarai, kuma wanki da ruwan sama suna ɗauke ta da wuri.

Ruwan sha a zuba shi a kaskon ƙasa mai nauyi a ajiye a inuwa, a ɗora a kan katako. Kare mai kilo 30 yana shan lita 1.5 zuwa 2 a rana, a bazara kuma yana iya ninkawa.

Idan aka ga kare yana ɗingishi, yana lasar ƙafa, ko tafin ya yi ja ko ya saɓule, a zuba masa ruwa mai sanyi na akalla minti 10, ban da ƙanƙara, ban da man goge baki ko baƙin mai, a kai shi wurin likitan dabbobi. Idan kuma haki ya tsananta, yawu yana dalala, yana tangaɗi ko amai, zafin jikinsa yana iya haura digiri 41 daga 38 zuwa 39 da ya saba. A mayar da shi inuwa nan take, a kwara masa ruwa a ciki da cinyoyi, a yi masa fifita, kada a lulluɓe shi da jiƙaƙƙen buhu, a ci gaba da jiƙa shi har a isa asibitin dabbobi.