Ni da Silvia bayan an tashi kasuwa

Duk mai tuƙi a Legas ya san ƙafarsa ta fi daɗewa kan birki a kan totur. Daga Agege zuwa Obalende ba abin da za ka sha sai gosulo da hon ɗin 'yan danfo. Shi ya sa in na rufe shago nake buɗe wani wasan tuƙin mota a burauzar intanet, wanda ake samun maki in an sa mota ta zame a kwana, ba sai an sauke komai ba, in huce haushina.

Nissan Silvia S15 nake ɗauka, ƙirar Japan ta 1999 zuwa 2002, mai inji SR20DET, lita 2 da turbo. Tayoyin baya ke tura ta, nan daɗin yake. Kana dosar kwana sai ka ɗan fizgi birkin hannu, bayanta ya zame, ka yi maza ka karya sitiyari wajen da bayan ya nufa, ka riƙe totur tsaka-tsaki. In ka cika shi, ta yi juyin waina ta dawo tana kallon inda ta fito. In ka sake shi, ta miƙe, maki ya tafi.

Wajen gyara muka raba gari da abokaina. Su dai a ƙara wa inji ƙarfi, shi ke nan. Ni kuwa sauke ta ƙasa nake yi, in taurara shokozoban baya, in kulle difransha yadda tayoyin biyu za su juya tare, in zauna a giya biyu ko uku. Kayan da in a kasuwar kayan mota ta Ladipo ne, sai aljihu ya yi kuka, a nan kuɗin wasa ne kawai.

Masu ɗaukar Toyota Supra a wasan da ke ta cika baki, ranar Asabar bayan isha'i ina nan.