Abin da ɗa ba ya iya fassara wa mahaifinsa a gaban likita

Ni ma'aikacin jinya ne a sashen masu matsalar fitsari. Dattijon da aka samu da kansar firostet ba ya zuwa shi kaɗai. Ɗansa ke rako shi, shi ke riƙe da kati, shi ke mayar da Turancin likita Hausa. Likita zai ce tiyatar na iya jawo yoyon fitsari, tana kuma iya raunana gaba. Sai yaron ya sunkuyar da kai ya ce, "Baba, ya ce za ka ɗan sha wuya bayan aikin, amma da sauƙi." Baba ya ce, "Allah Ya sa a dace," ya dangwala yatsa a takarda. Ban ga laifin yaron ba, don wane ɗa ne zai dubi mahaifinsa ya yi masa zancen shimfiɗa? Amma abin na damuna, domin mutumin ya amince da abin da bai ji ba.

Firostet ɗin nan ƙululu ne mai girman goro a ƙasan mafitsara. Hanyar fitsari ta ratsa tsakiyarsa, jijiyoyin da ke tayar da gaba kuma suna manne a gefensa. Shi ya sa duk ƙwarewar likita, taɓa shi na da sakamako.

A Birtaniya an yi wani bincike mai suna ProtecT a kan maza 1,643 waɗanda kansarsu ba ta fita daga firostet ba. An yi wa wasu tiyata, wasu gashi, wato ƙona kansar da hasken na'ura, wasu kuma aka sa musu ido da gwajin jini na PSA, wanda ake bibiyar cutar da shi. A sakamakon da aka fitar a 2023, bayan shekara 15, kusan kashi 97 cikin 100 ba su mutu da cutar ba, ko wace hanya aka bi. Bambancin yana wani wuri. Wata shida bayan tiyata, kashi 46 na sa ƙunzugu saboda yoyo, bayan shekara shida suka ragu zuwa 17, a masu gashi kuwa kashi 4 ne. Gashi ma ba ya barin mutum haka, yakan taɓa hanji har a ga jini a bayan gida. Waɗanda aka sa wa ido sun fi tsira da ƙarfinsu a farko, amma cutar ta bazu a jikin wajen 9 cikin 100 nasu, a sauran kuwa wajen 5. Kusan dukansu fararen fata ne, alhali cutar ta fi kama baƙar fata, don haka ba na ɗaukar alƙaluman a matsayin alkawari.

Mafi yawan dattawanmu ma sai cutar ta kai ƙashi suke zuwa, da ciwon baya da riƙewar fitsari. A nan zaɓi biyu ne, allurar da ke danne sinadarin maza duk wata ko duk wata uku, ko a cire maraina. Tun 1941 Charles Huggins ya nuna cewa da wannan sinadari cutar ke girma. Da an ambaci cirewa sai fuska ta canza, wani ya ce, "Dandaƙa za ku yi min?" ya zaɓi allura, yana zaton ya tsira da mazantakarsa. Ita ma allurar tana kashe sha'awa, tana kawo zafin jiki da gumi, tana rage ƙarfin ƙashi, ga tsada. Idan kuɗi suka yanke aka daina, cutar ta ci gaba.

Abin da ya fi tayar musu da hankali sau da yawa sallah ce. Wani dattijo mai limanci a unguwarsu ya riƙe hannuna ya ce, "Ɗana, in fitsari na zuba, yaya alwalata?" A mazhabar Malikiyya, yoyon da ya lizimci mutum mafi yawan lokaci ba ya warware alwala, na kuma ce ya koma wa malamai su yi masa bayani dalla-dalla. Sai da ya ji haka ya iya sauraron sauran zancen.

Yanzu idan an zo wajen sa hannu, nakan roƙi ɗan ya jira a waje, in zauna da Baba in faɗa masa komai da Hausa: fitsari, iyali, bayan gida, kuɗin allura. In ya yarda, a kira uwargida ita ma ta ji, tun da ita za ta yi jinyar.