Ashe ba batir ba ne, wayar asa ce

Tsohuwar Golf 3 ɗina ta ba ni wahala a hunturun nan wallahi. Da asuba in na murɗa makulli sai ta yi wani gurnani a kasalance kamar wanda aka tasa daga barci, wurr... wurr... fitilun dashbod su dushe, ƙarshe sai yaran unguwa sun turo ni har sun fara ce min Baba a tura.

Ni dai na gama yanke hukunci batir ne, har na fara tambayar kuɗin sabo, sai mai wayarin ɗinmu ya ce Alhaji dakata mu sa mita tukunna. Mota a kashe batir ya nuna volt 12.6, wato cajinsa cike yake kenan, da ta tashi kuma altaneta mai yi wa batir caji na ba da 14.2, shi ma lafiya lau tunda daga 13.8 zuwa 14.4 ake so. Ya ce in murɗa, bai sauka ƙasa da 10 ba, mataccen batir kuwa faɗowa yake ƙasa da 9.6.

To ina matsalar? Kan batir ya yi farin gari, wayar asa, wato wadda ta haɗa batir da jikin inji, kuma ta yi tsatsa, taɓa ta ma da zafi, wuta ba ta isa kik mai tayar da inji yadda ya kamata, ga sanyi ya sa baƙin mai ya yi kauri. Ya wanke da ruwan zafi, ya kankare da sanfefa, ya ɗaure tamau ya shafa giris.

Bugu ɗaya ta tashi. Yaran nan har yau suna leƙowa da safe ko za a samu na alawa.